Kayan jegon Goggo: wanne zan karɓa, wanne zan kauce wa?

Maijego a Malumfashi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya zo da niyyar zagin tsohuwa ya riƙe abinsa, ba shi na zo nema ba.

Haihuwar fari ce, namiji, an yi suna makon jiya. A Kaduna muke zaune da maigidana, amma na dawo gida wanka kamar yadda aka saba. Mahaifiyata ta rasu tun ina firamare, yayar babanmu ce ta riƙe ni har ta aurar da ni, ita ce kuma take yi mini wankan. Goggo ba ƙaramar mace ba ce a unguwarmu. Ta daɗe tana karɓar haihuwa, samarin layinmu da yawa ita ta yanke musu cibiya. In ta ce a sha, sha ake yi, ba a tambayarta me ke ciki.

Ga abin da ke ɗakina yanzu. A saman ƙofa ta soke ganyen tumfafiya, ta ce saboda mayu, don 'yan barka sun yi yawa kuma ba kowa ke shigowa da zuciya ɗaya ba. A ƙarƙashin shimfiɗar yaron, daidai kansa, akwai 'yar wuƙa da guntuwar saiwar sanya ɗaure da zare. Kullum da magariba za ta shigo da kasko, ta zuba sassaƙen hano da garin sanya da ɓawon tafarnuwa a kan garwashi, ta ja ƙofa ta rufe taga, ta ce mu zauna hayaƙin ya ratsa mu, wai lokacin ne mutanen ɓoye ke yawo. Wanka safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen sabara, ranar da ba a samo sabara ba a yi da darbejiya. Ina fitowa kwanon kunun kanwa na jirana, kanwar har ɗaci take yi.

Sai ɗauri, wanda shi ya sa na kasa barci na ɗauki waya. Jiya aka aiko mata da ƙullin itatuwa daga wajen wata ƙawarta a ƙauye. Na gane hankufa, na gane sassaƙen marke, sauran saiwoyin ban san su ba. Ta jiƙa su a 'yar sabuwar tukunya, ta ce ranar Juma'a za a fara ɗura wa yaro da ɗan zuma, don cikinsa ya yi ƙwari, dattin ciki ya fita, haƙori kuma ya zo masa da sauƙi. Ta ce ni ma da shi aka raine ni, ga ni nan garau.

Maigidana da na gaya masa a waya ya ce in cire tumfafiyar da wuƙar tun kafin ya zo, shirka ce, sauran kuwa maganin gargajiya ne, in bar tsohuwa ta yi abinta. Ni kuma ga abin da nake gani: yaron yana tari duk bayan hayaƙin. Ni ma ƙafafuna ba su saɓe ba tun da na haihu, kuma in na kwanta rigingine sai numfashina ya riƙa yi mini wuya, sai na tada kai da filo. Goggo ta ce ɗanyen jiki ne, wanka bai ratsa ni ba, a ƙara wa ruwa wuta.

Masu sani ku taimaka. A cikin kayan nan wanne ne magani na gaske, wanne ne camfi, wanne ke da haɗari? Kuma ta wace hanya zan ce wa matar da ta goya ni a'a, ina cikin gidanta ina cin tuwonta?

Tsohuwar Sista daga Zariya:

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ajiye maganar ganye tukuna. Kin saka abin da ya fi komai nauyi a ƙarshen rubutunki kamar ba komai ba. Maijego mai kumburin ƙafa wadda ba ta iya kwanciya sai ta tada kai, asibiti take zuwa, kuma ba ranar da ta samu sarari ba. Gobe da sassafe ki shirya. A auna hawan jininki, a saurari ƙirjinki, a duba ko jininki ya yi ƙasa, in likita ya ce a yi hoton zuciya kada wani ya ce sai an yi arba'in. In numfashin ya tsananta cikin dare, ko kika fara tari mai kumfa, kada ku jira gari ya waye.

Ga dalilina. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciya ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ko'ina a duniya ana samunsa, amma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa. A nan Zariya wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bibiyi mata 224 masu wannan ciwo, suka fitar da sakamakonsu a 1978. Abin da suka zarga shi ne abin da ke gabanki: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna ba nan kaɗai laifin yake ba, hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam duk suna da hannu. Saboda haka ban ce Goggo ce ta sa miki ciwo ba, ban ma ce ciwon ne ba sai an duba ki. Amma kanwa dangin gishiri ce, gishiri kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Mai kumburi ba ta shan kanwa. Ki koma kunun gyaɗa ko na tsamiya, ruwan wanka kuma a sirka shi har hannu ya iya zama a ciki.

To, ganye. Ki gaya wa maigida cikin ladabi, ta fuskar lafiya lissafinsa a juye yake. Duk zaman da na yi a ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai ban taɓa karɓar yaron da ganyen saman ƙofa ya kwantar ba. Waɗanda aka ɗura wa jiƙo kuwa na karɓa har na gaji, wani da gudawa, wani ciki ya kumbura, wani garin ɗura aka toshe masa hanci ruwan ya faɗa huhu. Hukuncin rataye ganye a addini na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Tumfafiya, abin kiyayewa a jikinta shi ne farin ruwan nan nata. In ya shiga ido yana ƙona shi, mutum ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi. Wanda ya tsinko ganyen ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro. Wuƙa a shimfiɗar jariri kuwa, ko malami bai hana ba ni na hana.

Hayaƙin ya fi damuna. Hano itace ne mai daraja, dangin bishiyar da ake samun lubban ne a Somaliya da Oman, ƙamshinsa ma ya isa shaida. Rufe ƙofa da tagar ne ɓarnar. Jariri yana numfashi ninki biyu ko uku na babba a minti guda, hanyoyin iskarsa sirara ne, kuma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke kashe mutane da hunturu in sun kwana da kasko a ɗaki. In dole sai an turara, ku fita ke da shi, a turara ɗakin, a buɗe ya sha iska, sannan ku koma.

Sanya, ɗauko saiwar ki shinshina, warin man zafi za ki ji. Sinadarin da ke cikin man zafi ne a cikinta, ɗan'uwan asfirin. Shi ya sa take yi wa ciwon gaɓoɓi aiki in an shafa, shi ya sa kuma take iya kisa in ta yi yawa a ciki. Kada ta shiga bakin yaron, kada a shafa masa ita.

Ɗauri kuwa amsata a'a ce, babu kwana-kwana. Wata shida na farko nono zalla ake ba jariri, ko ruwa ba a haɗa masa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, haka muke faɗa wa mata a wajen awo. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin tace abin da babba ke tacewa ba. Marke yana ɗaure ciki, gaskiya ne, shi ya sa manya ke shan sa in suna gudawa, amma wa ya san ƙarfin jiƙon yau da na jibi, a tukunyar da ake ta ƙara wa ruwa tana ajiye cikin zafi? Balle saiwoyin da ke kanki ba ki san sunansu ba. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke fin ƙarfinta, amma a hanjin jariri ta samu wurin zama, jikinsa ya saki har ya kasa tsotso. Dattin cikin da Goggo ke nufi shi ne baƙin kashin nan na kwanakin farko, kuma dakashi ya riga ya fitar da shi.

Tunda namiji ne bari in ƙara abin da ba ki tambaya ba. Kusan ɗaya cikin maza biyar a Najeriya ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari na jini da likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan yaran, kafur ɗin da ake jefawa a akwatin kayan jariri, ko lalle a fatarsu, ko man zafi a cibiya, na iya farfasa musu jini su yi muguwar shawara. Ki fitar da kafur daga kayansa, ki riƙa duba farin idonsa a hasken rana.

Sabara ba ni da ƙorafi a kanta. A fata take tsayawa, ga ƙamshi, ni ma da ita aka yi mini nawa wankan.

Jikan Sarkin Baka:

Allah ya raya, 'yar'uwa. Ki bi maganar Sista ki je asibiti, wannan babu gardama.

Amma ina so in ɗan tsaya wa tsofaffi, domin in aka karanta zancen nan da sauri sai a ɗauka ba su san haɗarin abin da suke riƙe da shi ba. Kakana maharbi ne a gefen dajin Falgore, a hannunsa na tashi, kuma sanya ba ta rabuwa da burgamensa. Uwar magunguna yake ce mata kamar kowa. Yana shaƙa garinta in kai ya sara masa, ya yi ta atishawa har hawaye. Yana barbaɗa ta a bakin bukka saboda maciji. Yana turara wa wanda aka ce iska ta buge shi, amma a fili, a tsakar gida. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ya jiƙa ta ya ba mai ciki ko ƙaramin yaro. In mace ta zo saye sai ya tambaye ta ko tana da juna biyu, in ta sunkuyar da kai ya mayar da ita burgame. Mutumin da ke dafa 'ya'yan kwankwani ya shafa wa kibiya, ya ga yadda suke tsayar da zuciyar gada, ba sai an gaya masa itace na kisa ba. Daga dangin kwankwanin nan ma Turawa suka taɓa fitar da maganin zuciya. A arewacin Gana kuma manoma na zuba garin saiwar sanya a rumbu don kashe ƙwarin hatsi. Abin da ke kashe ƙwari a rumbu, ai ka san ba na cikin jariri ba ne.

Yadda yake ɗebo ta ma abin kallo ne. Da asuba zai fita, ba ya yi wa kowa magana a hanya, ko ka gaishe shi ba zai amsa ba. In ya isa sai ya yi wa bishiyar sallama, ya tona ta gabas ya yanki saiwa ɗaya, ya zuba ɗan gero a ramin ya mayar da ƙasa. Ba ya komawa bishiyar da ya taɓa sai shekara ta zagayo. In ka tambaye shi zai ce masu ita ne ba sa son a yi musu rashin kunya. Tsoron mutanen ɓoye yake, bai taɓa ce mini yana tattalin daji ba. Amma bishiyoyin da ya ɗiba suna nan har ya bar duniya. Yanzu masu kai wa kasuwa tumɓuke ta suke yi ɗungurungum su cika buhu, ita kuma ba ta da saurin tsirowa. Wuraren da muke ganin furenta mai ruwan shuni muna yara, yau sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba.

Kin tambayi wanne ne magani wanne ne camfi. A burgamen kakana ba a raba su, ƙulli ɗaya ne kusa da ɗaya. Ga sassaƙen maɗaci na zazzaɓi da ciwon ciki, ga bagaruwa ta atuni da ciwon dasashi, kusa da su ga kauci. Kauci tsiro ne da ke fitowa a jikin wata bishiya, tsuntsaye ke kai irinsa, kuma saboda ba ya taɓa ƙasa sai aka ɗauke shi abin asiri. Kowace bishiya da aikin kaucinta, wani na farin jini, wani na kasuwa, wani na neman sarauta. Ga ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya da ake wanka da shi don sammu ya koma wa mai shi. Maɗaci na sha na ga aikinsa. Kaucin kasuwa kuwa, wanda ke sayar da shi a garinmu har ya mutu a kan buhu ɗaya yake baza kayansa.

Shawarata a kan ɗaurin: tambayi Goggo sunan kowace saiwa. In ita ma ba ta san wasu ba tunda aiko mata aka yi, to kin samu ƙofar da za ki bi ba tare da kin taɓa iliminta ba. Mai magani na gaske ba ya ba da abin da ba shi ya haƙo ba ko bai san sunansa ba, kuma ita ma ta san haka.

Ɗalibin Ilimi:

Allah ya sa albarka a rayuwarsa, ya ba ki lafiya. Sista ta ce ta bar wa malamai maganar rataya. Ni ba malami ba ne, amma ga abin da muka karanta.

Maigidanki bai yi kuskure ba a abin da ya hana, a abin da ya ƙyale ne ya yi sakaci. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, ana riƙon abu sababi ne ta hanya biyu, ko shari'a ta faɗa, ko an jarraba an ga aikinsa a zahiri. Ganyen da aka soke a ƙofa don ya tare maye, da wuƙar da aka ajiye don ta kori aljani, ba su shiga ko ɗaya ba. Akwai hadisi a wajen Imamu Ahmad cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Malamai sun yi saɓani a kan layar da aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani, amma ganye da ƙarfe ba su cikin wannan saɓanin. Wannan kuwa ba sabuwar magana ba ce a ƙasar nan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi sosai a kan masu girmama itatuwa da duwatsu. Sai dai hukuncin aiki daban, hukuncin mai aikin daban. Kada wani ya tsaya a gaban tsohuwar nan ya kira ta mushrika, gado ta tarar, kuma ƙaunar yaron ce ta sa ta.

Shi ganye a kan kansa addini bai ƙi shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a wanke 'yarsa da ruwa da magarya lokacin da ta rasu, ya kuma yabi habbatus sauda. Ganyen magarya bakwai da ake dakawa a yi wa wanda aka yi wa sihiri, Ibnu Hajar ya kawo shi a sharhinsa na Bukhari daga Wahbu ɗan Munabbihi, ba hadisi ba ne kamar yadda masu tallan maganin Musulunci a mota ke faɗa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na ciwon ido.

Tsoron da Goggo ke yi wa magariba ma yana da asali. Ya tabbata a Bukhari cewa in dare ya kawo kai a tsare yara a gida, domin shaiɗanu na bazuwa a lokacin, a rufe ƙofa da sunan Allah. Babu kasko a ciki. Ki ba ta abin da ya fi tumfafiya: addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, "U'izukuma bikalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Ga yaro ɗaya sai a ce "u'izuka". Ki roƙe ta ita ta riƙa tofa masa safe da yamma.

In ta kafa miki hujja da cewa Alƙur'ani ya ce akwai waraka a zuma, gaskiya ta faɗa, yana cikin Suratun Nahli. Amma abin da Annabi ya tauna ya sa wa jarirai a ganɗa dabino ne, kuma ɗan kaɗan ne sau ɗaya. Ki kuma lura da maganar mayun nan, kada ta kai ga ambaton sunan wata maƙwabciya. In yaro ya yi zazzaɓi gobe, daga "wance ta daɗe tana kallonsa" ake farawa, a ƙare da cewa sai ta tsallake shi, wani lokaci har a kai ga duka.

Uwar Biyu, Maraɗi:

Barka da sauka ƙanwata. Duk abin da kika hwaɗi an yi mini shi, banda wuƙa, mu almakashi anka sa muna.

Ni dabarar zama da tsohuwa zan ba ki. In kika dawo daga gidan likita kika ce mata "an hana", abin da kunnenta zai ji shi ne kin ce ba ta iya ba. Ki tahi da ita. Ki ce tsoro kike ji, ba ki iya zuwa sai da ita. Uwar mijina haka munka yi da ita lokacin tagwayena. Ungozomar gidan likita mai wayo ce, ta gaishe ta har ƙasa, ta tambaye ta yadda suke karɓar haihuwa a zamaninsu, ta bar ta ta yi ta labari, sannan ta ce "Inna, wanga yarinya jininta ya hau, ke za ki tsare mini ita kar ta taɓa kanwa." Da munka dawo gida ita ce ke hana mutane ba ni abu mai gishiri, har da hwaɗa.

Kuma kar ki ƙwace mata aiki duka, ki bar mata hannunta cike. Ita ta daka yajin jego da kimba da citta da kanumfari, a rage gishiri kawai. Ita ta dahwa ƙauri. Ita ta yi wa jinjiri wanka. Ki ce ta riƙa yi miki kwaɗon zogale, mu nan shi muke ba mai shayarwa, ga shi ko'ina a gonakin gulbi. Sabara kau ba mu sayenta, tun da manoma sunka daina ƙone kututture suna barin toho ya tashi, gonakinmu cike suke da ita.

Ɗauri, ni cewa na yi a ba ni in sha, ya bi ta nono ya iske yara. Tsohuwa ta yarda, kowa ya huta.

Maijego a Malumfashi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun je asibiti tare da Goggo kamar yadda Yaya ta Maraɗi ta ce. Jinina ya hau sosai. An ba ni magani har da na fitsari, an kuma rubuta mini takardar hoton zuciya a Katsina, maigida zai zo ya kai ni. Likitan bai yi wa Goggo faɗa ba, ya danna ƙafata ya nuna mata yadda yatsa ke lotsawa, ya ce kanwa da ruwan zafi su dakata. A hanyar dawowa ba ta ce uffan ba, amma da yamma kunun gyaɗa na gani.

Kaskon ya koma tsakar gida. Wuƙar na mayar kicin, ba ta tambaya ba. Addu'ar ta karɓa da murna, ta ce in riƙa biya mata har ta haddace. Tumfafiya na nan a ƙofa, wannan na bar wa maigida in ya zo su yi da surukarsa.

Na tambaye ta sunayen saiwoyin, guda biyu ita ma ta juya su ta juya ta ce sai ta aika ƙauye an tambayo. Ta janye maganar ɗura, amma ta ce to ko dai ni in sha, ko a riƙa zuba kaɗan a ruwan wankan yaron. Sista, wanne ya fi sauƙi a ciki?

Tsohuwar Sista daga Zariya:

Alhamdu lillahi da kika je. Ki sha maganin a kan lokaci ko kin ji sauƙi, kuma kada a ɗaga zuwa Katsinar.

Sha kam a'a, da haƙurin ƙanwata ta Maraɗi. Ita da lafiyarta ta sha, ke kuwa kina kan maganin hawan jini ana tuhumar zuciyarki, kuma ɗauri da yawa ana jefa masa jar kanwa. Abin da kika sha ma wani yana bi ta nono. Wankan ya fi sauƙi, amma da sharaɗi: a cire saiwoyin nan biyu da ba a san su ba, a tabbata babu sanya a ciki, a tafasa sabo kowace rana maimakon na tukunyar da ya kwana, kuma kada ruwan ya taɓa fuskarsa. Ki tsaya a wurin lokacin wankan, domin hannun da ya saba ɗura yakan ɗebo ruwan wanka ya kai bakin yaro tun kafin mai shi ta tuna. In kika ga ƙuraje ko fatarsa ta yi ja, a daina. Ki dawo ki gaya mana abin da hoton ya nuna.